Sukumar Sen, ma'aikacin gwamnatin da ya shirya wa Indiya zaɓenta na farko

Duk sanda zaɓe ya ƙarato a wajenmu hirar majalisa ba ta wuce wa zai ci wa zai sha ƙasa, sai kuma maganar shugaban hukumar zaɓe, wannan yace mutumin kirki ne wancan yace ai tuni an gama da shi. Abin da ban cika jin ana tattaunawa ba shi ne ainihin aikin da ke kan teburin mutumin, wato me yake yi tun daga ranar da aka rantsar da shi har zuwa safiyar da za a buɗe rumfa. Shi yasa nake so in ɗan yi fashin baƙi a kan wani ɗan Indiya mai suna Sukumar Sen, wanda ko a Indiyar ma ba kowa ya san sunansa ba, amma shi ne ya jagoranci zaɓen gama-gari na farko da na biyu a ƙasar, har ma aka aro shi ya je ya shirya wa Sudan nata na farko. Ni dai abin da na fahimta a tarihinsa shi ne zaɓe a ofis ake gyara shi ko a ɓata shi, watanni da yawa kafin kowa ya shiga layi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutumin ɗan yankin Bengal ne, yayi karatu a kwalejin Presidency da ke Kalkata sannan ya wuce jami'ar Landan, kuma lissafi ne fanninsa har lambar zinare ya samu a kai. A 1921 ya shiga rukunin manyan ma'aikatan mulkin Turawa da ake kira ICS, irin su ne Di'o-Di'o da alƙalan gundumomi, su ne idon Bature da hannunsa a ƙasar. Yayi shekaru ana yawo da shi gunduma-gunduma, wani lokaci jami'in mulki wani lokaci alƙali, har a 1947 da aka samu 'yancin kai ya zama sakataren gwamnatin jihar Bengal ta Yamma, wato shi ne kan gaba a duk ma'aikatan jihar, jihar da ta samu a shekarar bayan an tsaga Bengal biyu an ba Pakistan ɓangare ɗaya, 'yan gudun hijira suna ta kwararowa Kalkata. Kaga ke nan ba ɗan gwagwarmaya ba ne, lokacin da su Nehru, wanda ya zama firaministan Indiya na farko, ke shiga kurkuku suna fita shi yana karɓar albashi a hannun gwamnatin da ke ɗaure su, kuma akwai 'yan siyasa da yawa da ba sa ƙaunar ganin 'yan ICS ɗin nan ko kaɗan. Sardar Patel, mataimakin firaminista, shi ne ya tsaya kai da fata cewa in aka watsar da su ƙasar ba za ta tsayu ba. A cikinsu ne aka ɗauko Sen ranar 21 ga Maris 1950 aka ba shi kujerar babban kwamishinan zaɓe, wata biyu ke nan da kafa hukumar, kuma shi kaɗai ne kwamishinan, babu na biyu.

To bari mu duba girman kayan da aka ɗora masa. Kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a Janairun 1950 cewa yayi duk wanda ya kai shekara 21, mace ko namiji, mai kuɗi ko matalauci, ko wane addini ko wace kabila, yana da ƙuri'a ɗaya. A zamanin Turawa 'yan tsiraru ne ke zaɓe, masu dukiya da masu biyan haraji mai kauri da masu ilimin boko. Yanzu kwatsam sai ga mutum sama da miliyan 170, cikin kowane goma sama da takwas ba sa iya karatu da rubutu, galibinsu ba su taɓa ganin akwatin zaɓe ba, wasu ma har jiya-jiya talakawan sarakuna ne don akwai masarautu sama da 500 da aka haɗe cikin sabuwar ƙasar. Ga kujeru wajen 4,500 da za a cike a lokaci guda, 489 na majalisar wakilai ta tarayya sauran na majalisun jihohi. Ka tuna fa a lokacin baƙar fatan jihohin kudancin ƙasar Amurka ana ta hana su zaɓe har zuwa 1965, matan Suwizalan kuwa sai 1971 suka fara zaɓen tarayya. Don haka masu cewa abin nan ba zai yiwu ba suna da yawa, a cikin gida da waje.

Nehru ya so a yi zaɓen tun watannin farko na 1951, kuma ana iya fahimtarsa, gwamnati ce da ba jama'a ne suka zaɓe ta kai tsaye ba, yana so ya samu amincewar talakawa da wuri. Sen bai biye wa gaggawar ba. Dokar da ta tsara yadda za a gudanar da zaɓen ma sai tsakiyar 1951 ta fito, ba a gama shata mazaɓu ba, rajista ba ta kammala ba, akwati ko ɗaya ba a ƙera ba. A nan ne nake ganin darajar tsohon ma'aikaci wanda ya zauna a gunduma, ya san kwana nawa takarda take yi daga hedikwata kafin ta isa ƙauye da damina, ya san akawu nawa ake buƙata, to irin wannan in mai gida yace gobe zai iya buɗe fayil ya nuna masa dalilin da yasa goben ba za ta yiwu ba. Haka aka ɗaga zaɓen sai ƙarshen shekara.

Maganar gaskiya ba shi ya fara aikin rajistar ba, tun kafin a kafa hukumar ma'aikatan sakatariyar majalisar tsara kundin mulki sun fara haɗa sunaye gida-gida, har sun samo mafita ga 'yan gudun hijira cewa mutum ya bayyana niyyarsa ta zama dindindin a inda yake sai a rubuta shi. Sen ya gaji wannan aikin ne ya ƙarasa. An ɗauki akawuna wajen 16,500 na wucin gadi, kwantiragin wata shida, aikinsu kawai buga sunaye a tafireta da jera su mazaɓa-mazaɓa, babu kwamfuta babu komai. Kuma a cikin wannan rajistar ne aka ci karo da matsalar da ta fi tsaya min a rai a duk labarin nan.

A jihohin arewacin ƙasar, irin su Bihar da Uttar Pradesh da Rajasthan, mata da yawa sun ƙi faɗa wa malaman rajista sunansu. Abin da suke bayarwa shi ne matar wane, ko uwar wane, ko 'yar wane, don a al'adarsu mace ba ta faɗa wa baƙon namiji sunanta, malaman kuma suka yi ta rubutawa a haka. Wallahi da na karanta wannan sai kakata ta faɗo min a rai. Na taɓa raka ta yin rajista a wata makarantar firamare a unguwarmu, muka sha layi har rana ta take, da aka zo kanta malamin yace Inna sunanki, sai ta faɗi laƙabin da duk gida muke kiranta da shi, yace a'a Inna sunan yanka nake so. Sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki, ta ɗan zungure ni tace kai faɗa masa mana. A nan na gane ashe ban san sunan kakata ba, matar da ta goye ni, don duk wadda aka sa wa sunan a gidanmu sakaya shi ake yi, sai da wata tsohuwa sa'arta da ke bayanmu a layi ta matso ta raɗa wa malamin. Don haka ni ba na kallon matan Indiyan nan a matsayin wasu jahilai, kunya ce da kara irin wadda muka tashi a cikinta, mu ma mace ba ta faɗin sunan miji ko na ɗan fari.

Sen dai yace ba zai karɓa ba. Ya ba da umarni a koma a nemi sunan kowace mace na kanta, aka ƙara lokaci, aka yi ta shela, waɗanda suka bayar aka gyara, waɗanda suka ƙi aka soke su. Mata wajen miliyan 2.8 aka cire daga rajistar, ba su yi zaɓen farko ba. Na daɗe ina juya wannan hukuncin a raina. Ta wani gefen zalunci ne a hukunta mace saboda al'adar da ba ita ta ƙirƙiro ba, mazan da suka ɗora mata al'adar kuma su tafi su jefa tasu ƙuri'ar hankali kwance. Amma ka duba ɗaya gefen, in rajista tace matar wane, kuma mace ce mai lulluɓi da ba a ganin fuskarta, ai kowa aka turo zai iya cewa shi ne, ƙofar sojan gona ta buɗe ke nan, kuma mafi muni gwamnati da kanta ta sa hannu cewa matar nan ba kowa ba ce sai ta hanyar mijinta. Lissafin Sen shi ne in suka ga maƙwabtansu sun fita zaɓe su an bar su a gida, su da mazansu da 'yan siyasar da suka yi asarar ƙuri'un za su gyara da kansu kafin zaɓe na gaba, kuma haka ɗin aka yi, zuwa 1957 matsalar ta ragu sosai. Duk da haka ni har yanzu ina jin ciwon miliyan 2.8 ɗin nan, ina ganin da an baza mata masu rajista su shiga cikin gidaje tun farko da ba a kai wannan adadin ba. Amma kafin mu ɗaga murya mu tuna a Arewacin Najeriya mata gaba ɗayansu aka hana zaɓe a 1959 da 1964, su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kan haka, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka fara ba su dama sannan zaɓen tarayya na 1979.

Sai matsala ta biyu, yaya wanda ba ya karatu zai zaɓi ɗan takara a asirce ba tare da wani ya riƙe masa hannu ba? Dabarar da aka yi ita ce kowace jam'iyya aka ba ta alama ta abin da ɗan ƙauye ya sani, jam'iyyar Congress ta su Nehru shanun huɗa biyu da karkiya a wuya, 'yan kwaminis zangarniya da lauje, 'yan gurguzu bishiya, Jana Sangh fitilar aci-bal-bal, jam'iyyar Ambedkar (jagoran rubuta kundin tsarin mulki) giwa, wata kuma bukka. Sannan kowane ɗan takara da akwatinsa daban, an manna alamarsa a waje da kuma ciki, don ko an ɓanɓare ta waje a gane mai shi. Mai zaɓe ba ya rubuta komai ba ya dangwala komai, takarda za a miƙa masa ya shiga bayan labule shi kaɗai ya jefa a akwatin da yake so. Dattawanmu da suka ga zaɓen 1959 sun san wannan tsarin sarai, akwatin fartanya na NPC, na tauraro na NEPU, zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta AG.

Amma fa tsarin akwati-akwati yana cin ƙarfe. Sai da aka ƙera akwatuna wajen miliyan biyu, ƙarfe tan 8,200, kamfanin Godrej na Bombai shi ya ƙera kaso mai tsoka a ciki. Rumfunan zaɓe kusan 224,000, shugabannin rumfa 56,000, mataimaka 280,000, 'yan sanda 224,000. Wasu wuraren sai da aka gina gada kafin kaya su ƙetare, tsibirai kuma jiragen ruwan soja ne suka kai musu. Aka kawo tawadar da ba ta goguwa ana shafawa a yatsa don kar mutum ya zagayo sau biyu, irin dai wadda muke fitowa da ita a farce yau. Aka yi fim na koyar da yadda ake zaɓe ana nunawa a gidajen sinima sama da 3,000, rediyon gwamnati ma yana ta bayani, kamar dai yadda ake kawo majigi ƙofar fada a da. Tun da ma'aikatan da 'yan sandan ba za su isa ko'ina a rana ɗaya ba sai aka rarraba zaɓen kashi 68, aka fara ranar 25 ga Oktoba 1951 a yankin Chini da ke cikin duwatsun Himachal don a riga dusar ƙanƙara kafin ta toshe hanya, ba a gama ba sai 21 ga Fabrairu 1952.

Kimanin kashi 45 cikin ɗari suka fito. Da aka buɗe akwatuna an samu wasu da furanni da jan garin da suke shafawa wajen ibada, alamar wasu sun ɗauki akwatin abu ne mai tsarki. Congress ta lashe kujeru 364 cikin 489, wanda ba abin mamaki ba ne tun da ita ta karɓo 'yanci. Abin da ya sa aka yarda da zaɓen shi ne manya sun faɗi kuma faɗuwar ta tabbata. Morarji Desai, jigo a Congress wanda daga baya ya zama firaminista, ya rasa kujerarsa ta majalisar jihar Bombai. Ambedkar ma, shugaban kwamitin da ya rubuta kundin tsarin mulkin, ya sha kaye a Bombai, wannan kam abin takaici ne amma haka ƙuri'a ta nuna. Tsarin yana da ɓarakarsa fa, tun da babu mai ganin abin da ke faruwa a bayan labule mutum na iya soke takardar a aljihu ya fito ya sayar wa ejan, shi kuma ya tara ya ba wani amintacce ya shiga ya zuba gaba ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa daga zaɓen 1962 aka koma takarda ɗaya mai ɗauke da duk alamomi, a buga hatimi a jefa a akwati ɗaya a gaban kowa.

Labarin Sudan gajere ne amma yana nuna irin sunan da yayi. A Fabrairun 1953 Birtaniya da Masar, waɗanda ke mulkin ƙasar tare a takarda, suka amince a yi zaɓe, sai dai Masar na son Sudan ta haɗe da ita, Birtaniya ba ta so, kowa na zargin ɗan uwansa zai yi maguɗi. Sai aka kafa hukuma mai mutum bakwai, 'yan Sudan uku, Bature ɗan Birtaniya ɗaya, ɗan Masar ɗaya, Ba'amurke ɗaya, shugaba kuma ɗan Indiya, Sen ke nan. Aka yi zaɓe a Nuwamban 1953, jam'iyyar NUP ta Isma'il al-Azhari mai ra'ayin haɗewa da Masar ta samu rinjaye a majalisa mai kujeru 97, ba abin da jami'an Birtaniya suka so ba ke nan amma sakamakon ya zauna. Azhari ya zama firaminista, daga baya ya sauya ra'ayi, Sudan ta zama ƙasa mai cin gashin kanta ranar 1 ga Janairu 1956.

Zaɓen Indiya na 1957 ya fi na farko sauƙi da araha don Sen ya sa an adana akwatunan an sake amfani da su. Congress ta sake cin tarayya, amma a jihar Kerala 'yan kwaminis suka yi nasara, E.M.S. Namboodiripad ya kafa gwamnati, a tsakiyar yaƙin cacar baka lokacin da kalmar kwaminis kaɗai ke tayar wa manyan ƙasashe hankali. Hukumar ta sanar da abin da ta ƙirga. Gwamnatin tarayya ta rushe wannan gwamnatin a 1959, amma wannan aikin 'yan siyasa ne, lokacin ma Sen ya bar kujera tun Disamban 1958. Akwai wani abu kuma da ya kamata a faɗa, ƙaninsa Ashoke Sen ɗan Congress ne, ya ci kujera a Kalkata a zaɓen 1957 ɗin ya zama ministan shari'a alhali yayansa na kan kujerar hukumar zaɓe. A ganina irin wannan bai kamata doka ta bar shi ga halin mutum ba komai kirkinsa, don ba kullum ake dace da mai kirkin ba.

Abin da ya tsare wa Sen baya a doka shi ne sashe na 324 na kundin mulki, wanda yace ba a tsige babban kwamishinan zaɓe sai ta hanyar da ake tsige alƙalin kotun ƙoli, wato sai majalisa ta yi da gagarumin rinjaye. Sai dai sashen ya bar ƙofar naɗi a hannun gwamnati mai ci, kuma nan ne rigimar take har yau. T.N. Seshan, shi ma tsohon babban ma'aikaci ne da ya riƙe sakataren majalisar ministoci, da ya hau kujerar daga 1990 zuwa 1996 ya matsa wa 'yan siyasa lamba kan kashe kuɗi da katin zaɓe mai hoto, sai gwamnati ta naɗa ƙarin kwamishinoni biyu a 1993 masu iko daidai da nasa don a rage masa kaifi. A 2023 kotun ƙoli tace kwamitin firaminista da jagoran adawa da alƙalin alƙalai ne zai riƙa zaɓo kwamishinoni har majalisa ta yi doka, majalisar kuma ta yi dokar a ƙarshen shekarar ta cire alƙalin alƙalai ta sa minista a gurbinsa, gwamnati na da biyu cikin uku ke nan. Mu ma kwamitin mai shari'a Uwais ya ba da shawara a 2008 cewa a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, ba a ɗauka ba.

Shi dai Sen an ba shi lambar girma ta Padma Bhushan a 1954, bayan ya bar hukumar kuma ya zama shugaban jami'ar Burdwan na farko a 1960, bai shiga siyasa ba, bai bar littafin tarihin kansa ba, abin da ya rage na aikinsa yana cikin rahotannin hukuma. A can Chini kuwa inda aka fara jefa ƙuri'a, wani matashin malamin makaranta mai suna Shyam Saran Negi wanda aka sa aikin zaɓe ya nemi a bar shi ya jefa tasa da sassafe kafin ya tafi bakin aiki, shi ake ɗauka a matsayin mai zaɓe na farko a Indiya mai 'yanci. Ya ci gaba da fita zaɓe har tsufa ya kwantar da shi, ta ƙarshe jami'ai ne suka kai masa takardar har gida a farkon Nuwamban 2022, ya rasu kwana uku bayan nan yana da shekara sama da ɗari.